Operculum: Kalmar Latin da ke bayan farcen da ake haɗa humra da shi

Operculum shi ne sunan da masana halittun ruwa suke kiran murfin da ke manne a jikin yawancin dodon koɗin teku, wanda yake toshe bakin gidansa da shi idan ya shige ciki. Kalma ce ta Latin, harshen mutanen tsohuwar Daular Rum, kuma ma'anarta ta asali ita ce murfi. Ana furta ta "operkulum", jam'inta kuwa opercula, wato "operkula".

Sunan baƙo ne a kunnen Bahaushe, amma abin da ake kira da shi ya daɗe a kasuwa. A rumfunan masu kayan turare na Maiduguri da Kano da sauran birane ana sayar da wasu 'yan ɓawo masu launin ƙasa-ƙasa, masu tauri da ɗan lanƙwasa, waɗanda ake kira farce, kuma masu haɗa humra da turaren wuta sun san darajarsu. Wannan farce ba na mutum ba ne, ba kuma na kifi ko wata dabbar daji ba. Murfin dodon koɗin teku ne, wato operculum. Abu ɗaya ne ya sami suna iri biyu: masana sun dubi aikinsa suka ce murfi, 'yan kasuwa sun dubi siffarsa suka ce farce.

Asalin kalmar

Kalmar operculum ta kasu gida biyu. Kashi na farko ya fito ne daga aikatau operire, wanda ke nufin rufe ko lulluɓe. Na biyu ɗafa-ƙeya ne, wato -culum, wanda Latin ke liƙa wa aikatau domin samar da sunan abin da ake yin aikin da shi, ko wurin da ake yin sa. Daga vehere, wato ɗauka ko jigila, aka sami vehiculum, abin hawa. Daga cubare, kwanciya, aka sami cubiculum, ɗakin kwana. Daga currere, gudu, aka sami curriculum, fagen tsere, kalmar da malaman makaranta suka sani a yau da ma'anar manhaja.

Hausa na da irin wannan dabara, sai dai ita da ɗafa-goshi take farawa. Buɗe ya haifi mabuɗi, kulle ya haifi makulli, taje ya haifi mataji. Rufe kuwa shi ya haifi marufi, wanda baki ya taƙaita ya koma murfi. Larabci ma haka yake fitar da miftah daga fataha. Saboda haka operculum da marufi tsarinsu ɗaya, ma'anarsu ɗaya: abin da ake rufewa da shi.

Littattafai da dama sukan fassara kalmar da "ɗan ƙaramin murfi". Dalilin wannan fassara shi ne Latin na da wani ɗafa-ƙeya mai kama da na farko, wanda aikinsa ƙanƙanta abu, kamar yadda Hausa ke amfani da ɗan ko 'yar. Shi wannan ga suna ake liƙa shi. Corpus jiki ne, corpusculum ɗan ƙaramin jiki. Mus ɓera ne, musculus ɗan ɓera, kuma daga nan harsunan Turai da yawa suka sami kalmarsu ta tsoka. Tun da operire aikatau ne, ɗafa-ƙeyan da ke jikin operculum na kayan aiki ne. Barume zai kira murfin babbar randa operculum, kamar yadda zai kira na ƙaramar tukunya.

Aikatau operire yana da kishiya, wato aperire, buɗe. Masana harshe sun nuna cewa saiwarsu ɗaya ce, tsohuwar saiwa mai ma'anar rufewa, ɗafa-goshi ne kawai ya raba su: na farko yana ɗora rufi, na biyu yana kawar da shi. Daga aperire aka sami apertura, kuma wannan shi ne sunan da masana suke kiran bakin kwanson dodon koɗi. Ƙofar da ƙyauren duka 'yan gida ɗaya ne a Latin.

Zuriyar wannan aikatau tana nan a harsunan da ake ji yau da kullum. Cooperire, wato rufe ruf, shi ya zama couvrir a Faransanci, daga nan ya shiga Ingilishi ya zama cover. Cooperculum kuwa shi ya zama couvercle, kalmar da duk wanda ya yi boko a Nijar ko Chadi ko Kamaru ya sani da ma'anar murfin tukunya.

Daga madafa zuwa littattafan masana

A wurin Rumawa operculum kalmar gida ce. Da ita suke kiran murfin tukunya, da kuma faifan yumɓu da ake toshe bakin dogayen tulunan da jiragen ruwa ke jigilar man zaitun da sauran kaya a cikinsu. Har yau masu tonon kayan tarihi da wannan suna suke kiran irin waɗannan faya-fayai idan sun haƙo su. Tun a wancan zamani aka fara aron kalmar domin bayanin jiki. Sisero, shahararren marubuci kuma ɗan siyasar Rum, a littafinsa De Natura Deorum da ya rubuta a shekara ta 45 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), ya kwatanta ɗan naman da ke rufe hanyar iska a maƙogwaro lokacin haɗiya da wani irin operculum.

Shi kansa murfin dodon koɗi an lura da shi kafin haka. Aristotal, masanin Girka da ya rasu a shekara ta 322 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), ya ambata a littafinsa na tarihin dabbobi cewa masu murɗaɗɗen kwanso suna da murfi, kuma da shi ake haihuwarsu. Sai dai shi da Girkanci ya yi rubutu. Abin da ya tabbatar wa kalmar Latin gindin zama shi ne matsayin da harshen ya riƙe a Turai ɗaruruwan shekaru bayan rushewar Rum. Latin ne harshen malamai da likitoci, kamar yadda Larabci ya kasance a Katsina da Kano da Tambutu: malamin Suwidin da na Italiya ba sa jin harshen juna, amma suna karanta littafi ɗaya. Da Latin Carl Linnaeus, ɗan ƙasar Suwidin, ya rubuta Systema Naturae, wanda bugunsa na 10 na shekarar 1758 ya zama mafarin tsarin sunayen dabbobi da ake bi har yanzu.

Afirka ta Yamma na da hannu a tarihin kalmar. Wani matashin masani Bafaranshe, Michel Adanson, ya isa Senegal a 1749, ya shafe shekaru yana tattara tsirrai da halittun bakin teku. A littafinsa kan halittun Senegal da ya fito a 1757, ya ƙi bin al'adar masu rarraba kwansuna bisa kyan launi da siffa kawai, ya dubi dabbar da ke ciki, har ya ware masu murfi a rukuni na musamman. Wannan Adanson shi ne wanda aka sanya wa bishiyar kuka sunansa a kimiyyance, Adansonia digitata.

An daɗe ana muhawara kan ko mene ne ainihin murfin. Wasu masana, ciki har da John Edward Gray na Ingila a 1850, sun ɗauka shi ne ɓari na biyu na kwanso, kamar yadda ƙumbar kogi take da ɓari biyu masu buɗewa da rufewa. Binciken baya ya nuna ba haka ba ne. Wata fata ce mai lulluɓe da bayan dabbar take ƙera kwanso, murfin kuwa ƙafa ce take fitar da shi. Tushensu daban.

Inda yake da abin da aka yi shi da shi

Dodon koɗi na cikin halittu marasa ƙashin baya, a rukunin da masanin Faransa Georges Cuvier ya raɗa wa suna Gastropoda a 1795, daga kalmomin Girkanci biyu masu nufin ciki da ƙafa, saboda kamar da ciki yake tafiya. Wannan shimfiɗaɗɗiyar tsoka da yake jan jiki a kanta ita ake kira ƙafa. Murfin yana zaune ne a saman ƙarshen ƙafar ta baya. Idan dodon koɗi na tafiya, yana ɗauke da shi kamar garkuwar da aka rataya a baya. Da zarar ya ji motsin haɗari, wata ƙaƙƙarfar tsoka da ke liƙe da ginshiƙin tsakiyar kwanso sai ta fizgo shi ciki: kai ya fara shiga, ƙafa ta naɗe ta biyo baya, ƙarshenta ya shiga a ƙarshe, murfin ya tsaya daidai bakin ƙofa.

Murfin iri biyu ne. Mafi yawa an yi su ne da wani furotin mai tauri, mai kama da ƙaho a ido da taɓi, launinsu daga ruwan zuma zuwa baƙi-baƙi, kuma sukan ɗan lanƙwasa ba tare da sun karye ba. Wannan shi ne irin da ake ƙonawa a turare. Iri na biyu yana da rufin sinadarin alli a kan furotin ɗin, don haka yana da nauyi da tauri kamar tsakuwa. Ana samunsa a jinsunan da ake kira Turbo da Nerita. Wasu daga cikin irin waɗannan suna da kyan da ya sa ake yin zobe da sarƙa da su. Na Turbo petholatus, na tekunan Indiya da Fasifik, kore ne mai sheƙi, ana ce masa idon kyanwa. Na Bolma rugosa, na Bahar Rum, ja-ja ne, mutanen Italiya da tsibirin Kosika suna kiransa idon Santa Lusiya.

Dodon koɗi ba ya saɓule murfinsa ya sake wani. Tare suke girma. Yayin da bakin kwanso ke ƙara faɗi, ƙafa tana ƙara sabon sashe a gefen murfin, kuma salon ƙarin ne yake ba shi zanensa. Wani yakan murɗa zagaye da yawa kamar saƙar faifai, wani zagaye biyu ko uku kawai. Wani yakan yi da'ira cikin da'ira kamar albasar da aka yanka. Wani kuma daga tsini ɗaya yake faɗaɗa, layi bayan layi, har ya fito da siffar farce ko akaifa. A masu murɗawa, idan aka dube shi ta waje, murfin yana juyawa ne akasin yadda kwanson ya murɗa.

Waɗannan layuka suna da amfani ga masu bincike. Hukumomin kamun kifi a Turai sun daɗe suna ƙirga zoben da ke kan murfin Buccinum undatum, wani dodon koɗi da ake ci a can, domin ƙiyasta shekarunsa. A Afirka ta Kudu kuma, murafen Turbo sarmaticus da mutanen zamanin dutse suka zubar a kogwannin bakin teku bayan sun cinye naman sun jure dubban shekaru, kuma ana auna sinadaran da ke cikinsu domin gano ɗumin ruwan teku a wancan lokaci. Idan dabbar ta mutu, naman da ke riƙe da murfin yakan ruɓe, murfin ya faɗi. Shi ya sa kwanson da ake tsinta a kan rairayi kusan kullum ba shi da murfi.

Amfaninsa ga mai shi

Amfani na farko tsaro ne. Jikin dodon koɗi taushi gare shi, ba ƙashi ba ƙaya, kuma maƙiyansa suna da yawa: ƙaguwa, kifi, tsuntsayen bakin ruwa, har da 'yan uwansa masu cin nama. Kwanso ya kare ko'ina sai ƙofa, murfi kuwa ya toshe ƙofar.

Na biyu shi ne riƙe danshi. A yawancin gaɓoɓin teku ruwa yana cika ya janye sau biyu a yini, kuma duk halittar da ke zaune a tsakanin iyakar cika da ta janyewa sai ta yi sa'o'i a fili, rana na dukanta, iska na busar da ita. Mai murfi yakan kulle kansa da ɗan ruwa a ciki ya jira dawowar teku. Haka kuma a bakin koguna, inda ruwan daɗi ke gauraya da na gishiri, murfin yana taimaka masa jure sauyin da ke zuwa da ambaliyar damina. Misali na kusa shi ne Tympanotonos fuscatus, ɗan dodon koɗi mai tsinin kwanso da ke zaune a taɓon yankin Neja Delta, wanda ake sayarwa a kasuwannin Fatakwal da Kalaba da Legas domin miya. Ɗan faifan nan mai duhu da ake cirewa kafin a zaro naman shi ne operculum.

Akwai waɗanda suka mayar da murfin wani abu dabam. A dangin Strombidae, murfin ya zama dogo mai tsini, sau da yawa da gefe mai kama da zarto, kuma bai isa rufe ƙofa duka ba. Dabbar takan kafa shi a rairayi ta tunkuɗa jikinta gaba, kamar yadda mai kwalekwale ke tuƙi da gora, don haka tafiyarta tsalle-tsalle ce. Da shi take mirginowa idan igiyar ruwa ta kifar da ita, da shi kuma take harbin abin da ya taɓa ta.

Waɗanda ba su da shi

Kusan duk dodon koɗin teku yana da murfi lokacin da yake ɗan mitsitsi yana yawo a ruwa bayan ƙyanƙyasa, amma wasu sukan rabu da shi idan sun girma. Wuri na cikinsu. Monetaria moneta, wanda aka riƙa kawowa daga tsibiran Maldibs na Tekun Indiya har ya zama abin ciniki a ƙasar Hausa, wanda kuma jam'insa ya ba Hausa kalmar kuɗi, ba shi da murfi idan ya manyanta. Bakinsa ya tsuke ya zama siririyar tsaga mai haƙora, kuma wannan ya wadatar da shi. Haka ma Cymbium, babban dodon koɗin gaɓar Afirka ta Yamma da mutanen Senegal ke busarwa suna kira yeet.

Manyan dodon koɗin tudu da ake kawowa daga kudancin Nijeriya su ma ba su da shi. Farin abin da ake gani ya toshe bakinsu da rani majina ce da suke fitarwa ta bushe ta yi tauri. Na wucin gadi ne, ba ya manne da ƙafa, kuma da zarar damina ta sauka sai su ture shi su fito. Masana suna kiransa epiphragm, kalmar da ta fito daga Girkanci.

A ruwan daɗi wannan bambanci yana da nasaba da lafiya. Ƙananan dodon koɗin da ke ɗauke da ƙwayar cutar tsargiya a Afirka, wato Bulinus da Biomphalaria, ba su da murfi. Manyan nan na fadama da tafki, Pila da Lanistes, suna da shi, kuma ba su ne ke yaɗa tsargiya ga mutane ba. Duba murfi na daga matakan farko da ma'aikatan lafiya ke bi wajen tantance abin da suka kwaso daga madatsar ruwa ko hanyar ban-ruwa. Sai dai ƙa'idar ba ta game duniya ba, domin a Sin da Filifin mai ɗauke da tsargiyar can, Oncomelania, yana da murfi. Ganin masu murfi a kududdufi kuma ba shaida ba ce cewa marasa murfin ba sa ciki.

Yadda murfi ya zama farce

Amfani da wannan murfi a turare ya girmi kalmar kimiyya nesa ba kusa ba, kuma abin sha'awa shi ne yadda al'ummu masu nisa da juna suka haɗu a kan suna ɗaya. Girkawa sun kira shi onyx, wato farce. Masu magani na Turai sun rubuta shi da Latin unguis odoratus, farce mai ƙamshi. Larabawa sun ce azfarut tib, faratan ƙamshi. A Indiya ana ce masa nakh, daga kalmar Sanskirit mai nufin farce. Mutanen Sudan suna cewa dufra, daga kalmar Larabci ta farce. Hausawa kuma suka ce farce.

Diyoskoridis, likitan Girka na ƙarni na 1 bayan haihuwar Annabi Isa (AS), ya bayyana shi a littafinsa na magunguna da cewa murfin wata halittar ruwa ce mai kwanso, ya kuma ce mafi kyau shi ne na Bahar Maliya. A Attaura, cikin Littafin Fitowa sura 30 aya 34, an lissafa kayan ƙamshi huɗu na turaren ibada, kuma tsohuwar fassarar Girkanci ta kira ɗaya daga cikinsu onycha. Masana da yawa suna ganin wannan murfi ake nufi, wasu kuma suna ganin ƙaron wata bishiya ne. A hadisin Ummu Aɗiyya (RA) da Bukhari da Muslim suka ruwaito, an ambaci azfar tare da ƙusɗu a matsayin abin da aka yi wa mai takaba rangwamen amfani da ɗan kaɗan daga cikinsa lokacin da ta yi tsarki daga al'ada. Malaman sharhi sun bayyana azfar da cewa wani nau'in turare ne da gutsurensa ke kama da farce. A Sin da Japan ma an daɗe ana sa shi a haɗaɗɗen turaren gargajiya.

Har yanzu Bahar Maliya da Tekun Indiya ne manyan wuraren da ake samo shi. Daga cikin jinsunan da ake cire wa murfi akwai Chicoreus ramosus, mai kwanso mai rassa kamar ƙaya, da Lambis truncata, da Strombus tricornis, da Pleuroploca trapezium. A gaɓar tekun Sudan masunta suna tattara su, su ci naman ko su sayar, su busar da murfin domin masu turare. Khumrar matan Sudan da humrar Shuwa da Kanuri da Hausawa al'ada ɗaya ce da ta shimfiɗu daga kogin Nilu zuwa tafkin Chadi, a kan tsohuwar hanyar da alhazai suka riƙa bi ta ƙasa zuwa Makka.

Ɗanyen farce ba shi da daɗin ƙamshi, ƙarni ma yake yi, saboda ragowar naman da ke manne a cikinsa. Shi ya sa ake jiƙa shi, a kankare, a wanke sosai, a shanya, sannan a soya ko a gasa har ya yi ƙaras, a daka. Aikinsa a haɗi shi ne ƙara wa ƙamshi nauyi da sa shi daɗewa a jiki da tufafi. A Indiya akan gasa shi a cikin tukunyar ƙasa a tatso wani mai mai ƙamshin hayaƙi da ake kira choya nakh. Wani bincike da masana na Jami'ar Southern Cross ta Ostireliya suka jagoranta, wanda mujallar Scientific Reports ta buga a 2017, ya gano sinadarai na dangin finol a hayaƙin murfin, irin waɗanda aka sani da riƙe ƙamshi, ya kuma nuna cewa jiƙawar da ake yi kafin ƙonawa tana rage wani sinadari mai wari da cutarwa. Abin da masu haɗa turare suka gada daga iyaye ya dace da abin da ɗakin gwaji ya gano.

Sauran wuraren da ake cin karo da kalmar

Da yake ma'anarta murfi ce kawai, masana sun ba abubuwa da yawa wannan suna, ko da ba su da dangantaka da juna. A teku, wasu tsutsotsi da ke zama cikin bututun da suka gina da alli suna da operculum da suke toshe bakin bututun da shi. Haka ma ƙananan halittun nan masu kwanso da ke liƙewa a jikin jiragen ruwa da duwatsu. A kifi, operculum shi ne faffaɗan ƙashin gefen kai da ke rufe gaɓar numfashi, wanda mai saye yakan ɗaga ya duba ko cikin ja ne kafin ya biya. Kifin shak ba shi da wannan murfi, tsaga-tsaga gare shi a fili.

A ɗakin gwaje-gwaje, ƙwan tsutsar hanta da ke kama shanu da tumaki yana da ɗan murfi a gefe ɗaya, wanda ake kira operculum, ƙwan tsargiya kuwa ƙaya gare shi, kuma da irin wannan ake bambanta su a ƙarƙashin madubi. Likitan haƙori yana kiran dasashin da ya rufe wani ɓangare na haƙorin ƙurya da bai gama fitowa ba da wannan suna. A tsirrai kuma, furen bishiyar turare, wato Eucalyptus, yana da hula da ke faɗuwa idan zai buɗe, ita ma operculum ce, kuma saboda ita aka ba bishiyar sunanta na Girkanci mai nufin "rufaffe da kyau".

Abin lura ga mai saye da mai sayarwa

Dodon koɗi ɗaya murfi ɗaya gare shi, kuma ba a cire shi sai an kashe dabbar. Mudun farce yana nufin ɗimbin rayuka daga ƙasan teku, kuma manyan jinsuna sukan ɗauki shekaru kafin su isa haihuwa. Inda aka matsa musu da kamu, ƙarewa suke yi. Hakan ya faru da babban dodon koɗin tekun Karibiyan, ɗan dangin Strombidae, wanda yawan kamu ya sa a 1992 aka shigar da shi jerin halittun da yarjejeniyar CITES ta sa ido a kan cinikinsu tsakanin ƙasashe. Dokar kare namun daji ta Indiya ma ta hana kama wasu manyan jinsunan dodon koɗin teku. Duk mai niyyar shigo da farce da yawa daga waje yana da kyau ya san sunan jinsin da aka ciro shi da dokar ƙasar da ya fito, domin a takardun kwastan da na masu fitar da kaya ba za a rubuta farce ba. Operculum ko opercula za a gani.